A doke mu, a kuma hana mu kuka? Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga lauyoyi da ƙungiyoyinsu

Assalamu alaikum, masu girma lauyoyi, da shugabannin ƙungiyoyinku, da kwamitocinku na ladabtarwa.

Ni ba lauya ba ne, ban taɓa saka baƙar riga na tsaya gaban alƙali ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata takarda ce mai shafi uku da ɗaya daga cikinku ya sa wa hannu, wadda na riƙe na karanta har sau biyu.

Ƙanwata aka aiko wa ita. Shekararta huɗu tana aiki a wani kamfani, sai aka riƙe musu albashin wata uku, ita da abokan aikinta. Suka yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan, ba wanda ya saurare su. Ran nan ta hau Facebook ta rubuta abin da ya faru, layi bai fi goma ba. Ba ta zagi kowa ba. Ta faɗi watannin, ta faɗi yawan mutanen da abin ya shafa, ta ce a ji tsoron Allah a ba su haƙƙinsu. Bayan kwana biyar takardar ta iso, mai kauri, irin wadda ake jin nauyinta a yatsa, sunayen lauyoyi sun jeru a gefenta tun daga sama har ƙasa. An ba ta kwana bakwai ta goge rubutun, ta buga neman gafara, ta kuma biya diyyar da ko shekara ɗari za ta yi tana aiki ba ci ba sha, ba za ta tara ta ba. Na bi shafukan nan uku layi-layi ina neman inda aka ce ƙarya ta yi, an biya albashin. Babu. An dai ce ta zubar wa kamfani mutunci, ta jawo masa asara.

Ina zaune kusa da ita ta buɗe wayarta. Ta daɗe tana kallon rubutun, da mutanen da suka yi sharhi a ƙarƙashinsa suna cewa su ma haka aka yi musu. Can ta ce, "Yaya, in aka je kotu ni ke da gaskiya, ko?" Na ce ke ke da ita. Ta ce, "To wa zai biya lauya kafin a gane haka?" Na rasa abin da zan ce mata. Ta danna ta goge. Washegari abokan aikinta da suka yaɗa rubutun su ma suka goge nasu, alhali ba wanda ya aiko musu da ko guntun takarda.

Wannan abu yana da suna a wurinku. Malamai biyu na Jami'ar Denver a Amurka, George Pring da Penelope Canan, su suka raɗa masa SLAPP a shekarun 1980, bayan sun bi diddigin ƙararrakin da aka kai mutanen gari saboda sun rubuta koke ga hukuma, ko sun yi magana a taron jama'a, ko sun ce ba su yarda a yi wani gini kusa da su ba. Ni da Hausa ƙarar rufe baki nake ce mata. A da, mai dukiyar da yake son a yi shiru kan laifinsa toshiyar baki yake bayarwa. Yanzu kuɗin ku yake miƙa wa, ku kuma ku sa wanda ya ga laifin ya yi gum don tsoro. Abin da malaman nan biyu suka gano shi ne yawancin masu irin wannan ƙara faɗuwa suke yi in an kai ƙarshe, sai dai kafin a kai ƙarshen an yi shekaru, maganar da ta tada rigimar ta mutu, wanda ya yi ta ya gaji ya talauce. Buƙata ta riga ta biya.

Kada ku ɗauka cewa nake a saki kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ƙazafi mugun abu ne. Na san mutumin da ƙarya guda ta raba shi da aikinsa, ta sa ya kasa haɗa ido da 'ya'yansa. Mai kuɗi ma mutum ne, yana da fuskar da yake karewa. Duk wanda aka yi wa sharri ya tafi kotu, ku raka shi, sana'arku ke nan, kuma halas ɗinku. Amma kun fi ni sanin bambancin. Mai neman wanke sunansa yana nuna layin da ƙaryar take, yana kawo hujja, yana ɗokin ranar hukunci. Mai neman rufe baki ba ya ƙaunar wannan rana ta zo. Shi ne za ku ga ya tsallake gidan jaridar da ke da lauyoyinta da inshorarta ya cafke ɗan jaridar shi kaɗai, domin inda fata ta fi taushi nan ake mai da jima. Shi ne zai raba magana ɗaya gida biyar ya shigar da ƙara biyar, a kotun da sai an yi kwana a hanya kafin a isa, ya rubuta diyyar da shi kansa ya san ba wanda zai iya biya. Daga nan sai ɗage zama. Yau lauyansa ba shi da lafiya, gobe yana son ƙarin takardu, jibi zai gyara ƙarar.

Duk wanda ya yi karatun lauya a ƙasashen da suka gaji dokar Ingila ya ji labarin da zan tuna muku. A 1990 kamfanin sayar da abinci na McDonald's ya aika wa mutum biyar sammaci a Landan, saboda wata 'yar takarda da ƙaramar ƙungiyarsu take rabawa a titi, tana sukar albashin da kamfanin ke biya, da tallan da yake yi wa yara, da yadda ake kiwon dabbobin da yake saye, da wasu abubuwan. Kafin sammacin ma sai da kamfanin ya ɗauki masu leƙen asiri suka shiga ƙungiyar suna zama a tarukanta. A lokacin gwamnati ba ta ba marar hali tallafin lauya a shari'ar ɓata suna. Uku daga cikin biyar ɗin suka ba da haƙuri. Biyu suka ƙi: Helen Steel, wadda in ta samu aikin wucin gadi abin da take samu a mako kusan fam 65 ne, da David Morris, tsohon ma'aikacin gidan waya da ba shi da aiki, yana renon ɗansa shi kaɗai. Su suka tsaya wa kansu a gaban manyan lauyoyin kamfanin, suka karanta dubban shafuka da daddare, suka yi wa shaidu tambayoyi da safe. Wani matashin lauya mai suna Keir Starmer, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya, yana taimaka musu kyauta gwargwadon iko.

Kwana 313 aka yi ana zama. An fara a watan Yunin 1994, hukunci bai fito ba sai Yunin 1997, kuma an ƙiyasta kamfanin ya kashe kusan fam miliyan 10. Alƙali ya ce sun kasa tabbatar da wasu zarge-zargen, ya ɗora musu diyyar fam 60,000, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 40,000 a 1999. Amma a cikin hukuncin nan dai alƙalin ya yarda cewa kamfanin yana biyan ƙaramin albashi, kuma hakan yana taimakawa wajen danne albashin ma'aikatan wannan sana'a baki ɗaya, ya yarda tallansa yana cin gajiyar raunin yara. Sai a 2005 Kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan'adam ta ce Birtaniya ta tauye musu haƙƙin shari'a ta adalci da 'yancin faɗin albarkacin baki, tunda ta bar su su kaɗai a gaban wanda ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba.

Ana ba da wannan labari a matsayin nasarar talaka, ni kuwa duk lokacin da na tuna shi gabana faɗuwa yake. Shekara 15 na rayuwar mutum biyu aka biya kafin magana ɗaya ta gaskiya kan albashi ta tsira. Mutum nawa ne a duniya za su iya bayar da wannan? Ga ukun da suka ba da haƙuri, ga kuma gidajen jarida da talabijin da kamfanin ya yi wa barazana a shekarun da suka gabaci shari'ar suka janye maganganunsu. Su ne mafiya yawa, kuma ba mai tuna su.

A nan ne maganar ta haɗu da tazarar da ke tsakanin masu shi da marasa shi. Rahoton rashin daidaito na duniya na 2022 ya nuna kashi 10 cikin ɗari na mutanen duniya da ke sama suna kwashe kashi 52 na kuɗin shiga, rabin mutanen duniya da ke ƙasa kuwa suna raba kashi 8.5 kacal. In aka koma kan dukiyar da aka mallaka, na saman suna riƙe da kashi 76, rabin duniya na da kashi 2. A kan takarda duk ƙofar kotu ɗaya suke shiga, doka ɗaya ake karanta musu. Amma ku da kuke cikin zauren kullum kun san abin da ɗage zama ɗaya yake nufi ga kowane ɓangare. Lauyan kamfani an biya shi zuwansa na ranar, kuɗin kuma za a rubuta shi cikin kashe-kashen kasuwanci, mai kamfanin ko labarin zaman bai ji ba. Ma'aikaciyar da ke ɗaya bencin ta rasa aikin yini, ta biya mota zuwa da dawowa, ta bar wa maƙwabciya yaro, ta ranto abin da za ta ba lauyanta, ta koma gida da sabuwar rana da aka sa bayan wata uku. Shi shari'ar layi ɗaya ce a littafin akawunsa. Ita gidanta ne, da aurenta, da barcinta.

Wannan rabin maganar ne. Ɗaya rabin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ku duba abubuwan da ake kai mutane ƙara a kansu: albashin da aka danne, harajin da aka kauce wa, filin da aka karɓe daga manoma, kogin da aka zuba wa guba, kwangilar da aka ba ɗan'uwa. Waɗannan su ne bututun da dukiya ke bi ta gangaro daga hannun mutane da yawa zuwa aljihun 'yan kaɗan. Kowane ɗayansu yana aiki ne muddin ba a magana. Ranar da ma'aikata suka san abin da ake biyan takwarorinsu, ranar da jama'a suka san wa ya ɓoye dukiyarsa a wane tsibiri don kauce wa haraji, ranar da mutanen ƙauye suka san abin da ke cikin ruwan da suke sha, bututun ya fara tsiyaya. Saboda haka shiru kaya ne mai daraja, ana sayensa, kuma riba ake ci da shi. Dukiya ta sayi shiru, shirun ya kare dukiyar ta ƙaru, ta sake sayen wani shirun da ya fi na farko faɗi.

Wanda yake ganin na kambama abin ya dubi Tailan. A 2016 wasu 'yan ci-rani 14 daga Myanmar da ke aiki a gonar kaji ta kamfanin Thammakaset suka kai koke ga hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasar, suka ce ana sa su aiki har awa 20 a rana, ana biyansu ƙasa da mafi ƙarancin albashi, an riƙe musu takardun shaida. Hukumomin ƙwadago suka umarci kamfanin ya biya su baht (kuɗin ƙasar) miliyan 1.7, kotuna suka tabbatar. Kamfanin ya maka su a kotu da laifin ɓata suna. An wanke su a 2018, amma bai tsaya ba. Ya bi masu fafutuka, da malamar jami'a, da 'yan jarida, ƙararraki fiye da talatin a kan mutum fiye da ashirin, wasunsu don kawai sun yaɗa saƙo a Twitter. Wata 'yar jarida, Suchanee Cloitre, an yanke mata ɗaurin shekara biyu a 2019 saboda saƙo guda, sai a kotun ɗaukaka ƙara aka soke hukuncin. Kusan duk ƙararrakin nan ba su kai ko'ina ba. To amma ku sa kanku a matsayin ɗan ci-rani a wata gonar kajin, wanda shi ma ake ci da guminsa, ya ga abin da ya sami waɗancan 14. Zai buɗe baki? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, kowa ya san abin da ake yi wa nasa. Ƙaramin albashin da yake karɓa yau, wani ɓangarensa a kotu aka tsayar masa da shi, a shari'ar da ba shi ne aka kai ƙara ba.

A Afirka ta Kudu kamfanonin haƙar ma'adinai masu tushe a Ostareliya sun kai mutum shida ƙara, lauyoyin muhalli uku da masu fafutuka uku, suna neman rand miliyan 14.25, saboda sukar aikinsu a gaɓar teku da yunƙurinsu na haƙa a yankin Xolobeni. Wasu daga cikin kalaman a wata lacca aka yi su a Jami'ar Cape Town. Ku lura, lauyoyi 'yan'uwanku ne rabin waɗanda aka kai ƙarar. A Nuwamban 2022 Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta amince cewa wanda aka kai irin wannan ƙara yana iya kare kansa da hujjar cewa ana wasa da kotu ne don a rufe masa baki.

Sai 'yar jarida Daphne Caruana Galizia ta ƙasar Malta. Ita ta tona cewa wani minista da shugaban ma'aikatan fadar firaminista suna da kamfanoni a Panama, abin da takardun sirrin nan na Panama da aka fallasa a 2016 suka zo suka tabbatar. Ranar 16 ga Oktoban 2017 aka dasa mata bam a mota aka kashe ta. Ta mutu da ƙararrakin ɓata suna fiye da 40 a wuyanta, 19 daga ciki ɗan kasuwa ɗaya ne ya shigar da su a lokaci guda, kuma a farkon shekarar wani minista ya sa an rufe mata asusun banki tun ba a fara sauraren ƙararsa ba. Bayan an binne ta, mijinta da 'ya'yanta suka gaji ƙararrakin, suka ci gaba da zuwa kotu suna kare rubutun matar da aka riga aka kashe. Ba na cewa masu ƙarar su suka kashe ta. Cewa nake an yi shekaru ana ware ta, ana tsotse ta, ana nuna wa duniya cewa ita kaɗai ce, kuma kowace takarda a cikin arba'in ɗin nan akwai lauyan da ya zauna ya tsara ta.

Na san amsar da za ku ba ni, domin na sha jin ta. Kowa yana da haƙƙin samun lauya, lauya ba alƙali ba ne, ba aikinsa ba ne ya tace wanda zai tsaya wa. Wannan ƙa'ida ina girmama ta. Ita ce ta sa wanda ake zargi da kisa, duk gari sun tsane shi, yake samun mai tsaya masa. An kafa ta ne don a kare mai rauni daga mai ƙarfi, yanzu kuma ana ɗaukar ta ana yi wa mai ƙarfi garkuwa yana taka mai rauni. Ku tuna da attajirin Rasha Yevgeny Prigozhin. A 2021 ya kai Eliot Higgins, wanda ya kafa ƙungiyar bincike ta Bellingcat, ƙara a Landan, shi kaɗai, saboda saƙonnin Twitter da suka danganta shi da sojojin haya na Wagner. A lokacin Prigozhin yana ƙarƙashin takunkumin Birtaniya, amma aka ba da izini na musamman ya biya lauyoyinsa. Bayan Rasha ta mamaye Yukiren lauyoyin suka janye, kotu ta kori ƙarar a watan Mayun 2022, aka bar Higgins da bashin kusan fam 70,000. A watan Satumban wannan shekarar Prigozhin ya fito da bakinsa ya ce shi ya kafa Wagner. Ke nan an yi amfani da kotu, da hatimin lauyoyi masu lasisi, don a hukunta mutum kan maganar da mai ƙarar ya san gaskiya ce. A shekarar 2021 ɗin dai Roman Abramovich da wasu attajiran Rasha da kamfanin mai na Rosneft suka yi wa Catherine Belton da mawallafinta taron dangi kan littafinta game da makusantan Putin. An ƙare da sulhu da gyaran wasu wurare, littafin ya tsira, amma don mawallafin babban kamfani ne da ya iya zuba kusan fam miliyan ɗaya da rabi. Da ƙaramin mawallafi ne, da tuni an kwashe littafin daga kanti.

Rantsuwar da kuka yi ranar da aka ba ku lasisi ba ga mai biyanku kaɗai kuka yi ta ba. Ku jami'an kotu ne kafin ku zama ma'aikatan kowa. Lauya yana da damar ya tambayi wanda ya zo masa: wane layi ne ƙarya? Ina hujjarka? In an gyara an ba ka haƙuri, ya wadatar? Idan amsar ita ce "so nake ta ji a jikinta, saura su shiga taitayinsu", to ba wankin suna ya kawo shi ba, sanda yake nema, kuma ku yake so ku zama sandar.

Doka tana iya gyara wannan, an kuma gani. A 1960 wani kwamishinan birnin Montgomery a jihar Alabama, L. B. Sullivan, ya kai jaridar New York Times da limaman coci huɗu baƙaƙen fata ƙara kan wani talla na neman tallafi ga gwagwarmayar Martin Luther King. Ko sunansa babu a tallan. An dai kama 'yan kura-kurai, irin su cewa an kama King sau bakwai alhali sau huɗu ne, aka ba Sullivan diyyar dala 500,000, har aka ƙwace motocin wasu daga limaman. Manufar ita ce manyan jaridu su daina zuwa kudancin ƙasar suna ba da labarin wariyar launin fata. A 1964 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe hukuncin, ta ce jami'in gwamnati ba zai ci diyya ba sai ya nuna an san ƙarya ce aka buga, ko an yi ko-in-kula da gaskiya. A 1992 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ba wanda aka kai ƙara damar roƙon a kori ƙarar tun a farko. Da zarar ya nuna maganarsa ta shafi jama'a, nauyi ya koma kan mai ƙara ya nuna yana da alamar nasara, in ya kasa kuwa shi zai biya kuɗin lauyan wanda ya ja zuwa kotu. Sirrin ke nan gaba ɗaya: a yanke da wuri, a mai da kuɗin kan wanda ya tada fitinar. Fiye da jihohi 30 na Amurka suna da irin wannan doka yanzu, haka wasu lardunan Kanada. Tarayyar Turai ta zartar da tata a Afrilun 2024, wadda ake yi wa laƙabi da dokar Daphne, kodayake ƙararrakin da suka tsallaka iyakar ƙasa kaɗai ta rufe. A Afirka, a Disamban 2014, Kotun Afirka ta kare haƙƙin ɗan'adam ta ce Burkina Faso ta tauye haƙƙin ɗan jarida Lohé Issa Konaté da ta ɗaure shi wata 12 saboda rubutu kan wani mai gabatar da ƙara. Wannan hukunci yana da nauyi, domin a duk ƙasar da ɓata suna yake laifi mai ɗauri, mai kuɗi ba ya ma buƙatar jiran kotu. Takardar koke ɗaya daga lauyansa ta isa ɗan sanda ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Amma yawancin mutanen duniya suna zaune ne inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan dokoki, kuma majalisun da za su yi su cike suke da masu amfana da rashinsu. Shi ya sa ku nake rubuta wa. Ba ku buƙatar jiran majalisa kafin ku gyara gidanku. Hukumar da ke sa ido kan lauyoyi a Ingila da Wales ta fitar da gargaɗi a Nuwamban 2022 cewa lauyan da ya aika barazana marar tushe, ko ya cika mutum da takardu don ya razana shi, ko ya rubuta masa cewa sirri ne kada ya nuna wa kowa alhali ba haka doka ta ce ba, zai iya fuskantar ladabtarwa. Me zai hana kowace ƙungiyar lauyoyi ta rubuta irin wannan a kundin ɗa'arta, ta kuma aiwatar da shi a kan manya kafin ƙanana? Ku buɗe ƙofar da wanda aka aiko wa takardar barazana zai kawo ta a duba masa kyauta, ko na awa ɗaya ne. Da ƙanwata ta samu lauya guda da zai karanta shafukan nan uku ya ce mata, "Kwantar da hankalinki, babu komai a ciki, ga amsar da za mu mayar," da rubutunta yana nan. Kuma in an zo gyaran doka, ku kuka san inda ɗakin yake yoyo. Ku rubuta ƙudurin, ku kai shi majalisa da sunan ƙungiyarku, ku nemi a cire ɗauri daga laifin ɓata suna, ku nemi a sa wa diyya iyaka daidai da ɓarnar da aka tabbatar. Ku yi magana da alƙalai ma, tunda daga cikinku suka fito, su daina ba da ɗage zama ga wanda suka ga da gangan yake jan ƙafa.

Na san akwai da yawa a cikinku da suke wannan aiki ba tare da an roƙe su ba, suna tsaya wa marasa hali da kuɗin motarsu, wasu har an kai su ƙara su ma. Allah ya saka musu da alheri. Ba su nake ƙorafi a kai ba, roƙona dai kada a bar su su kaɗai su ɗauki kayan da na ƙungiya ne.

Ƙanwata ta bar wancan aiki. Albashin wata ukun har yau ba a ba ta ba, haka abokan aikinta. Takardar tana nan a ƙasan akwatinta, cikin ledar da take ajiye takardun makarantarta. Da na gaya mata zan rubuta wannan wasiƙa, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, don Allah kada ka sa sunana, kada ka sa sunan kamfanin." Na yi mata alkawari, na kuma cika.

Barista, kai da ka sa hannu a shafi na uku, in wannan wasiƙa ta iso gare ka za ka gane da kai nake. Ina roƙonka ka ɗaga waya ka kira wanda ya ɗauke ka aikin, ka tambaye shi ko ya biya mutanen nan albashinsu.

Wassalam,
Yayan wadda aka aiko wa takarda.